Malam, Wanne Ne Ya Haɗiye Kuɗin?



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda ciyar da kowane mai rai ke wuyanSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, 'yan uwa masu karatu, yau zan ɗan kauce wa darussan da muka saba, in ba ku labarin wata tambaya da wani ɗalibina ya yi mini, wadda ta tilasta mini sauya wani ra'ayi da na daɗe ina riƙe da shi.

Kowace shekara, idan hayaniyar Ƙaramar Sallah ta lafa da kamar mako guda, nakan ɗebi ɗaliban babban aji na Islamiyyarmu mu tafi gidan namun dajin garinmu, wanda kowa ya fi sani da gidan zoo. Na fara wannan al'ada tun 2016, kuma ban da 2020 da annobar korona ta rufe ko'ina, ban taɓa fashi ba. Ina da wani ɗan littafi mai shuɗin bango da nake tafiya da shi. Asalinsa na lissafi ne: yara nawa suka shiga mota, nawa aka biya a ƙofa, nawa ya tafi a ruwa da biredi. To da yake yara ba sa rabuwa da tambaya, sai na riƙa rubuta abin da muka tarar a kowane keji, domin in sami abin amsa musu idan mun koma aji. Da haka littafin kuɗi ya rikiɗe ya zama rajistar dabbobi ba tare da na shirya ba.

A ziyararmu ta ƙarshe, muna tsaye a ɓangaren birai, wani yaro ya ja hannun rigata ya ce, "Malam, wanne ne a cikinsu ya haɗiye kuɗin?" Sauran suka fashe da dariya. Lokacin da wancan abu ya faru wannan yaro ko firamare bai shiga ba, amma labarin ya iso shi, domin labarin ban dariya ya fi kowane darasi tsawon rai.

Ga wanda ya manta, a watan Yunin 2019, bayan bukukuwan Sallah, aka nemi kuɗin ƙofa kimanin Naira miliyan 6.8 a gidan zoo na Kano aka rasa. Sai magana ta bazu cewa wai wani goggon biri ne ya shiga ya haɗiye su. Kafin kwana biyu zancen ya tsallaka teku, jaridun ƙasashen waje suna ta yi mana dariya, kowacce ta liƙa hoton wani ƙaton gorila a saman labarin. Daga baya gwamnan jihar na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya fito ya ce ai babu ma gorila a wannan gida, ya kuma ba da umarnin a yi bincike. Maganar inda kuɗin suka shiga aikin hukuma ne, ba ni da ta cewa a ciki. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, an yi wa dabba ƙazafi, dabbar da ba ta ma nan balle ta kare kanta, kuma duk ƙasa aka yi ta dariya, ba a sami mai tambayar ina ainihin masu wannan suna suke ba.

A nan akwai buƙatar in ɗan tsaya a kan suna, domin mu Hausawa muna haɗa abubuwa biyu a kalma ɗaya. Abin da muka saba kira goggon biri shi ne bika, mai dogon baki kamar na kare, irin waɗanda ke ƙwace wa baƙi abinci a Yankari. Gorila kuwa wata halitta ce daban. Ba shi da wutsiya, ƙaton namijinsa yakan haura kilo 150, idan ya manyanta gashin bayansa yakan yi furfura, kuma duk da wannan girma abincinsa ganye ne da ɓargon tsirrai da 'ya'yan itatuwa, wani lokaci da tururuwa ko gara. Mazauninsa dazukan kurmi ne masu yawan ruwan sama, bai taɓa zama a dajin ƙasar Hausa ba, shi ya sa kakanninmu ba su raɗa masa suna ba. Don haka zan ci gaba da kiransa gorila.

Na yi wa yaron bayani cewa wancan labarin na Kano ne, kuma ko a Kanon ma babu gorila, balle nan. Sai wata yarinya ta ce, "To Malam, me ya sa gwamnati ba za ta sayo mana shi ba?" Na buɗe baki zan ce gaskiyarki, sai na yi shiru. Domin kuwa wannan ita ce maganar da ni kaina na shekara da shekaru ina yi.

Bari in buɗe muku littafin. A 2016 mun tarar da zaki da zakanya, kuraye uku, jiminu huɗu, kada da yawa da ba su ƙirguwa saboda rabinsu na cikin ruwa, garken bika, jan biri, barewa, mesa, da wani tsohon kunkuru. A 2018 zakanyar ta mutu. A 2021 jimina ɗaya ta rage, kuma dattijon da ke kula da wannan ɓangare ya gaya mini cewa da aka buɗe cikin ɗaya daga cikin waɗanda suka mutu, leda aka tarar da murafun kwalba, irin waɗanda masu ziyara ke jefa musu. A 2022 babban namijin bika, mai karyayyen haƙori, wanda ɗalibaina suka raɗa wa Sarkin Fada, ya mutu, garken ya yi ta faɗa har aka raba su keji biyu. Kura ɗaya ce ta saura yanzu, kuma tun shekara uku da suka wuce na lura tana zagaye iri ɗaya daga wannan kusurwa zuwa waccan, har ƙafarta ta haƙa hanya a ƙasa kamar turbar masu zuwa rafi. Kunkuru ne kaɗai bai canza ba. Yadda muka bar shi bara haka muke tarar da shi, wani lokaci ma a wuri ɗaya.

Kowace shekara idan na ga sabon keji babu kowa, allon suna yana nan amma mai sunan ya tafi, nakan lissafa shi cikin alamun lalacewar ƙasa, tare da masaƙun da aka rufe da famfon da ya daina kawo ruwa. Nakan ce wa abokan aikina, dubi yadda aka bar wuri ya mutu, ina ma a sami shugaban da zai cika waɗannan kejuna. Ban taɓa tambayar kaina ba, idan an tashi cika su, daga ina za a samo masu shiga?

Tambayar yarinyar nan ce ta sa na zauna na bi tarihin gorila a gidajen zoo na ƙasar nan, kuma abin da na tarar bai yi mini daɗi ba.

Gidan da ya fi shahara da su shi ne na Jami'ar Ibadan. A 1964 aka kai masa 'ya'yan gorila biyu da aka fito da su daga Kamaru, namiji da mace, aka raɗa musu Haruna da Imade. Waɗanda suka yi ƙuruciya a Ibadan a shekarun 1970 da 1980 har yau suna ba da labarin Haruna kamar wani sanannen mutumin gari. Ya mutu a 1995, aka bar macen ita kaɗai. Mai karatu ya riƙe wannan, domin zai yi amfani yanzun nan.

A watan Janairun 2002 wasu 'ya'yan gorila huɗu suka sauka a gidan zoo na Taiping da ke ƙasar Malesiya, ɗauke da takardun da suka nuna cewa a gidan zoo na Ibadan aka haife su. Dalilin wannan da'awa a fili yake. Yarjejeniyar duniya ta 1973 da ake kira CITES, wadda Najeriya ke cikinta, ta hana cinikin gorilan da aka kamo daga daji, amma ta sassauta a kan wanda aka haifa a tsare. Da masu bin diddigi suka duba, sai suka tarar gorila guda ɗaya tal ke Ibadan, tsohuwa, mijinta ya yi shekaru da mutuwa. To ta yaya tsohuwa ita kaɗai ta haifi jarirai huɗu? Gaskiyar ita ce daga daji aka kamo su. Aka yi ta jayayya tsakanin ƙasashe, a 2004 aka mayar da su Pretoria a Afirka ta Kudu, sai a ƙarshen Nuwambar 2007 aka kai su Kamaru. Kuma ko a can ba daji suka koma ba, wata cibiyar rainon dabbobin da aka ƙwato ce a garin Limbe ta karɓe su, domin wanda aka raba da uwarsa tun yana jariri bai koyi yadda ake rayuwa a daji ba.

Wani zai ce ai wannan tsohon labari ne. To a watan Disambar 2024 jami'an filin jirgin sama na Istanbul suka buɗe wani akwatin katako da ya taso daga Najeriya zai wuce Tailan, suka tarar da jaririn gorila ɗan kimanin wata biyar, an sanya masa 'yar riga. Mutanen Turkiyya suka raɗa masa Zeytin, wato zaitun. A 2025 hukumomin can suka bayyana cewa gwaji ya nuna jinsinsa ba na dazukan Najeriya ba ne. Ma'ana, an sato shi daga wata ƙasa, mu kuma muka zama hanya. Shekara 22 tsakanin labarin farko da na biyu, kasuwar tana nan tana ci.

Yanzu ga abin da ba a rubutawa a allon keji. Gorila dabba ce mai zama cikin iyali: babban namiji ɗaya, matansa, da 'ya'yansu. Macen tana ɗaukar ciki kimanin wata takwas da rabi, tana haihuwar ɗa ɗaya, tana shayar da shi wajen shekara uku, tana goya shi a bayanta, yana kwana a shimfiɗar ganyen da take yi kowace yamma. Ba ta sake haihuwa sai bayan kamar shekara huɗu. Uwa irin wannan ba ta miƙa ɗanta ga kowa tana da rai, uban kuma ba ya gudu ya bar iyalinsa. Saboda haka duk jaririn gorila da ka gani a akwati ko a hannun ɗan kasuwa, ka sani an bi ta kan gawar uwarsa kafin a ɗauke shi, sau da yawa ma har da ta uban da wasu daga cikin dangin. Sannan da yawa daga cikin jariran a hanya suke mutuwa, wanda ya isa kasuwa shi ne ya yi saura.

Da na kai nan a karatuna sai wani hadisi da nake karantar da yara kowace shekara ya dawo mini da wata fuska. Abu Dawud ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) cewa suna cikin tafiya tare da Manzon Allah (SAW), sai suka ga wata 'yar tsuntsuwa da 'ya'yanta biyu, suka ɗauke 'ya'yan. Uwar ta zo tana ta kaɗa fukafukai a kansu. Da Annabi (SAW) ya dawo ya gan ta, sai ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali a kan 'ya'yanta, ya yi umarni a mayar mata da su. Ku lura, ba a kashe tsuntsuwar ba, ba a kuma ce an cutar da 'ya'yan ba. Tashin hankalin uwar kaɗai ya isa a tsayar da sahabbai. To ina ga wanda ya harbe uwar ya ɓanɓare ɗan daga ƙirjinta, domin wasu mutane a wata ƙasa su biya kuɗin ƙofa su kalle shi? Ni kuma da nake fatan a cika keji, ashe ba tare da na sani ba irin wannan ciniki nake yi wa addu'a.

Kada wani ya fahimce ni ba daidai ba. Ban ce zuwa gidan zoo haramun ne ba, ban kuma ce tsare dabba a kan kansa haramun ne ba. Da na ga haka da ban kai ɗalibaina ba. Hadisin ƙanin Anas ɗan Malik (RA), Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, har Annabi (SAW) ya riƙa tambayarsa labarin tsuntsun, yana cikin Bukhari da Muslim. Wani malamin Shafi'iyya, Ibnul Ƙass, ya fitar da fa'idoji kusan 60 daga wannan hadisi, Ibn Hajar ya kawo su a Fathul Bari, kuma daga cikin abin da malamai suka fahimta akwai halaccin ajiye tsuntsu matuƙar ana kula da shi. Kallon halittar Allah da idon tunani kuwa abu ne da aka yi mana umarni da shi. Na ga yaron da bai taɓa nutsuwa a aji ba ya tsaya minti goma yana kallon ƙafar jimina, yana tambayar me ya sa yatsu biyu kawai gare ta. Babu allon da zai koyar da shi wannan.

Amma halacci yana tafe da sharaɗi, kuma sharaɗin ne muke tsallakewa. Kowa ya haddace hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Abin da aka kama ta da shi guda biyu ne a haɗe: ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Dabbar daji tana da arzikinta da Allah Ya shimfiɗa mata a inda Ya halicce ta. Ranar da ka rufe ta, ka toshe mata wannan hanya, ka mayar da kanka ita ce kaɗai ƙofar abincinta da ruwanta da maganinta. Malaman fiƙihu ba su ɗauki wannan a matsayin kyautatawar da mutum zai yi in ya ga dama ba. A Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda malamanmu na zaure suke karantarwa, a babin nafaƙa aka kawo hukuncin ciyar da dabba, wato babin da ake maganar haƙƙin mata da 'ya'ya da iyaye, kuma hukuncin shi ne idan mai ita ya kasa ko ya ƙi, a sayar da ita ko yana so ko ba ya so. Zaki babba yana buƙatar nama kilo 5 zuwa 7 a kowace rana ta Allah, ba ya jiran a sa hannu a kasafin kuɗi, ba ya sanin an canza kwamishina. Duk hukumar da ba za ta iya wannan ba, a fahimtata, ba ta da hurumin sayo sabon zaki, ko da kuwa jama'a za su yi mata tafi.

Kuma haƙƙin bai tsaya a ciki ba. Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a shekara ta 660 bayan Hijira, ya jero haƙƙoƙin dabbobi a kan mutum a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam. A cikinsu akwai ciyar da su ko da sun tsufa ko sun yi ciwon da ba a ƙara amfana da su, da kyautata makwancinsu, da kada a haɗa su da abin da zai cutar da su, da haɗa mazansu da matansu a lokacin barbara. Wannan na ƙarshe ya ba ni mamaki da na fara karanta shi, domin yana nuna malamin ya gane cewa kaɗaici ma cuta ne ga dabba. Aya ta 38 a Suratul An'am ta sanar da mu cewa su ma al'ummomi ne kamar mu. Idan haka ne, tsohuwar da ta shekara da shekaru ita kaɗai a Ibadan bayan mutuwar Haruna, da kurar garinmu mai zagaye, an raba su da al'ummarsu, kuma buhun abinci ba ya biyan wannan.

Na san akwai gidajen zoo a duniya da suke sauke wannan nauyi gwargwadon iko. A Balin ta Jamus akwai wata gorila mai suna Fatou da aka kai can tun 1959. A 2025 aka yi mata bikin cika shekara 68, alhali a daji da wuya su wuce 40. Haƙoranta sun zube, ana shirya mata abinci mai laushi, an ware mata wurinta don kada matasa su ture ta. Wannan kulawa ce ta gaske, kuma manyan gidajen irin wannan yanzu suna dogara ne da waɗanda aka haifa a wurinsu. Sai dai ita kanta Fatou daga dajin Afirka aka ɗauko ta tana ƙarama, a zamanin da ba a tambaya. Mu da muka zo a zamanin da aka san amsar, ba mu da uzurin da mutanen 1959 suke da shi.

Ba na son kuma a ɗora laifin a kan ƙananan ma'aikata. Dattijon da na ambata ya fi shekara 20 a wurin, ya san kowace dabba da halinta, kuma na taɓa ganinsa ya sayi ayaba da kuɗin aljihunsa don wani jan biri marar lafiya. Aikinsu ma na sayar da rai ne. A watan Fabrairun 2024 zaki ya kashe wani ma'aikaci a gidan zoo na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, mutumin da ya raini zakunan tun suna jarirai. Allah Ya jiƙan musulmin da suka rasu a irin wannan aiki, Ya kare na raye.

Mu fa, masu ziyara? A nan ne maganar ta fi shafar ku, matasa. Ku je gidan zoo ranar Sallah ku ga yadda muke yi. Wannan ya jefi zaki da dutse don ya tashi ya yi ruri a ɗauka a waya. Wancan ya miƙa wa biri sigari a kunne, abokansa suna shewa. Wata ta jefa wa jimina ledar ruwa. Manya suna tsaye suna kallo, wasu ma su ke koya wa yaran. Mutumin da zai ji kunyar dukan akuyar maƙwabcinsa, sai ka ga a gaban keji ya zama wani iri, kamar kuɗin ƙofar da ya biya ya saya masa izinin zalunci. Alhali Muslim ya ruwaito cewa ranar ƙiyama har tunkiya marar ƙaho za a rama wa abin da mai ƙaho ta yi mata. Idan tsakanin dabba da dabba ke nan, to me ake tsammani tsakanin dabba da mai hankali?

Akwai kuma wanda ya fi wannan ɓoyuwa, shi ne abin da muke yi da wayoyinmu. Bidiyon jaririn biri an sa masa riga da kamfai yana shan madara a kwalba, a falon wani attajiri, yana yawo a WhatsApp da TikTok da Facebook, mu kuma muna ta tura shi muna rubuta "Masha Allah". Kowace turawa talla ce kyauta ga masu wannan fatauci, domin ita ce ke sa wani mai kuɗi ya ce shi ma yana so. Rigar da aka tarar a jikin Zeytin irin wannan riga ce. Tun da na gane haka na daina tura irin waɗannan, kuma idan aka turo mini nakan tambayi wanda ya turo, ina uwarsa? Wasu sun ji haushina, wani ma ya ce Malam ya rasa abin wa'azi sai birai. Ban musa masa ba.

Wayar nan kuma tana iya yin akasin haka. A watan Janairun 2020 hotunan wasu zakuna da yunwa ta mayar ƙashi da fata a wani wurin shaƙatawa a Khartum suka bazu a intanet. Matasan Sudan ne suka ɗauka suka yaɗa, suka yi ta kai nama da magani da kansu a lokacin da ƙasarsu ke cikin matsin tattalin arziki. Ɗaya daga cikin zakunan ta mutu, amma an ceto wasu. Ba su jira wata ƙungiya daga Turai ta fara ba.

Wani ɗan uwa malami ya ce mini, mutane na kwana da yunwa, 'yan gudun hijira sun cika gari, kai kana maganar kura. Maganarsa tana da nauyi, kuma idan abinci ɗaya ne ya rage tsakanin yaro da kura, ba sai an tambayi malami ba. Amma ai hujjarsa ce ke ƙarfafa tawa. Idan ba mu da abin ciyar da mutane, me ya kai mu ɗauko wani bakin mu rufe a keji, alhali a inda yake ba ya neman komai a wurinmu sai mu ƙyale shi?

Kuma ƙyalewar tana aiki. A Jamhuriyar Nijar, a yankin Kure da ke gabashin Yamai, raƙuman dawa na Afirka ta Yamma sun ragu har suka koma 49 a 1996. Ba keji aka gina musu ba. An hana farautarsu, aka haɗa kai da manoman da suke zaune tare da su, daga baya yawansu ya haura 600. A ƙasarmu ma akwai gorila na ainihi, a tsaunukan Afi da Mbe da dajin Okwangwo a jihar Kuros Riba, kan iyaka da Kamaru. Su ne jinsin da ya fi kowane ƙaranci a duniya, ba a jin sun wuce 300 a ƙasashen biyu. Saboda tsananin gudun mutane da wuya a gan su. A watan Yulin 2020 aka fitar da hotunan da wata kyamara da aka ɗaure a bishiya ta ɗauka a tsaunin Mbe, ga garke guda, ga mata da 'ya'ya goye a bayansu. Ƙauyukan da ke kewaye da tsaunin ne suka haɗu suke gadinsa. Shekara ɗaya kacal tsakanin wannan hoto da labarin haɗiye kuɗi, amma a cikin ɗalibaina da iyayensu da na tambaya, babu wanda bai ji na kuɗin ba, babu kuma wanda ya taɓa ganin hoton.

Da muka koma aji washegari na nuna musu shi a wayata, tana zagayawa daga hannu zuwa hannu. Yarinyar da ta ce a sayo mana gorila ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, wannan ƙaramin a bayan babarsa yake." Na ce mata e. Ta ce, "To a bar shi." Yaron da ya fara tambayar shi kuma abin da ya dame shi daban ne, yana so ya san ko su ma suna jin sanyi idan ana ruwa.

Kafin mu bar gidan zoo a wannan rana na koma wajen dattijon don mu yi sallama, na tarar da shi a cikin tsohon kejin zakanyar da ta mutu a 2018, ƙofa a buɗe, yana riƙe da bokiti. Na ce, "Baba, me ake yi a nan?" Ya ce, "Malam, ai waya ce mai kyau, awaki ba sa iya shiga." Ashe gwanda da zogale ya shuka a ciki, yana tsinkar wa birai. Allon yana nan a jikin ƙarfen, har yanzu an rubuta zaki. Na ciro littafina na rubuta a shafin bana: keji na huɗu, gwanda shida, biyu sun fara 'ya'ya.